Gyadon da Injiniya Ya Harba

Har gobe ba zan manta da Talatar da na ɗora idona a kan madubin bindigar Injiniya ba. Shekara shida ke nan, amma duk lokacin da na tarar da ku a ɗakin gadi kun haɗa kai a kan waya, kuna kallon masu harbin dabba daga wancan dutse zuwa wancan kuna ta "kai, kai, kai", sai raina ya ɓaci. Ba da ku nake fushi ba. Ni ma na ce "kai" ɗin nan da bakina, kuma na ga abin da ya biyo baya. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan a hankali, don ku da kuka kama aiki a bayana ku san dalilin da ya sa ni Malam Idi nake tsuke fuska.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba a gona suke ba. Gonarmu gonar iri ce, tana tsakanin Kankia da Kusada. Muna noma gyaɗa da wake da dawa, ba don ci ba, don a sayar wa manoma su shuka. A sama akwai Manaja. Ƙarƙashinsa akwai shugaban masu gadi, sai mu masu gadi, sai leburori. A cikin masu gadi mutum ɗaya ne ake kira maharbin gona, a lokacin ni ne. Aikina shi ne in hana birai da gyado da zomaye ɓarna, wanda ya ƙi koruwa in kashe shi. Dokar gona ta ce mai gadi ba ya barin wurin da aka ajiye shi sai da takardar izini mai sa hannun Manaja. Wanda ya bari ba takarda, kora ce.

Amma maharbi ba shugaba ɗaya gare shi ba. Bayan Manaja akwai Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu, Baba Tanimu, wanda ya ɗaura mini tsirkiya a baka da hannunsa tun ina saurayi. Tsirkiya ita ce igiyar baka. Dokokin Sarkin Baka ba a rubuce suke ba, amma kowane maharbi ya san su. In ka kai baƙo daji, ba ya harbi sai ka ce ya harba, kuma harbinsa naka ne. In aka ji wa dabba rauni, ba ka da hutu sai ka same ta. In kuwa dabbar nan mai rauni ta zubar da jinin mutum kafin ka same ta, za a kwance maka tsirkiya a gaban jama'a, ka yi shekara ba ka taɓa baka ba. A wurinmu babu kunyar da ta kai wannan. Shekara ashirin da huɗu ina harbi ba a taɓa kwance tawa ba, mahaifina ma har ya rasu ba a kwance tasa ba.

A kakar nan wani gyado ya addabe mu. Namiji ne, tsoho, shi kaɗai yake yawo, haurensa na hagu ya fi na dama tsawo. Yakan fito daga kwazazzabon da ke gabas da gona da hantsi, ya durƙusa a kan gwiwa ya yi ta tonon gyaɗa kunya bayan kunya. Kwana tara na yi ina bin sa ban harba ba. Mai baka ba ya gaggawa, don kibiya ba ta da amfani in ta wuce taki ashirin. Sai ka san inda dabba ke sha, da inda take kwanciya, da gefen da take juya kai in ta ji motsi. Ka cire takalmi, ka riƙe 'yar jakar toka kana kaɗawa ka ga inda iska ta nufa, ka ja ciki a cikin ƙaya har ka ji numfashinta. A nan zuciyarka ke bugawa har kana tsoron ta ji. Wannan shi ne daɗin sana'armu, kuma shi ne tsaronta, domin a taki goma sha biyar ka san abin da kake harbi, ka san inda za ka sa kibiya, ka san abin da ke bayansa. Na riga na gyara maɓoya a gindin wani kalgo. Na sa ranar Alhamis.

Ranar Talata da safe Manaja ya aiko a kira ni. Na tarar da wata farar mota babba a bakin ofis, da wani mutum mai jiki sanye da hula mai baki da wando mai aljihu da yawa. Manaja ya ce abokinsa ne tun makaranta, injiniya ne daga Kaduna, yana da bindigar farauta da takardunta cif, ya ji labarin gyadonmu ya zo ya taimaka.

Na gaishe shi. Ya kalli bakana da kwarina ya yi dariya.

"Baba, har yanzu da wannan ake fama? Ai wannan sai gidan tarihi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana dai ci da mu."

Na juya wurin Manaja na ce, "Yallaɓai, gyadon nan na gama da shi, jibi ne kawai. A bar mini shi."

Ya ce, "Idi, kwana tara kana cewa jibi. Injiniya yau zai koma. Kai shi."

Na kai shi. Ban kai shi gindin kalgo ba, don ya ce shi ba ya jan ciki a ƙasa kamar ƙadangare, tudu yake so. Muka hau wani ɗan dutse da ke yamma da gonar gyaɗa, inda ake hango kwazazzabo gaba ɗaya. Ya shimfiɗa tabarmar roba, ya buɗe wa bindigar ƙafafu biyu ya kafa ta, ya kwanta rub da ciki. Yana ta ba ni labari. Ya ce harbin nesa ilimi ne, sai ka yi lissafin nisa da iska da faɗuwar harsashi, ka riƙe numfashi, ka taɓa kunama kamar kana taɓa idon jariri. Ya ce babu abin da ya kai daɗin ka ga dabba ta faɗi tun kafin ƙarar bindiga ta isa kunnenta. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya san bindigarsa, kuma yana son ta.

Wajen ƙarfe goma na hango ƙura kaɗan a bakin kwazazzabo. Shi bai gani ba. Ni na nuna masa, da ɗan yatsana, kuma na ji daɗi a raina da ya ce, "Kai Baba, idonka ya fi na'ura." Ya ɗauko wani ɗan abu kamar ƙaramar rediyo ya leƙa, ya ce mita ɗari uku da arba'in. A ido gyadon bai fi ƙwayar wake ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi nisa. Mu sauka mu rage."

Ya matsa gefe ya ce, "Zo ka leƙa tukuna."

Na kwanta na sa ido. Wallahi sai ga gyado a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Na ga gezar wuyansa, na ga ƙasar da ta manne a hancinsa, har kaskar da ke bayan kunnensa na gani. Tunda nake ban taɓa ganin dabba haka ba sai a taki goma, kuma a taki goma ban taɓa kuskure ba. A nan na yi wautar da mai baka ne kaɗai zai yi ta. Idona ya gaya mini dabba tana kusa, na yarda da idona, na manta ƙafata ba ta taka ko taki ɗaya ba. Na ɗago na ce, "Kai! Harba, ranka ya daɗe."

Ya harba. Ƙarar ta toshe mini kunne. Can nesa na ga wake ɗin nan ya yi tsalle, ya faɗi, ya birgima, sannan ya tashi ya faɗa cikin kwazazzabo. Injiniya ya miƙe yana ihu, ya rungume ni, ya ce, "Ka gani? A kai! A kai na nufa! Ɗari uku da arba'in!" Ya ɗauki kansa hoto da bindiga, ya ɗauki dutsen, ya ɗauki kwanson harsashin.

Na ce, "Ya tashi fa. Mu je mu duba."

Ya ce, "Ƙarfin hali ne, yana can ya mutu. Je ka jawo shi, ina mota, rana ta yi zafi."

Ni kaɗai na sauka. Daga kan dutse wurin a fili yake, amma da na isa sai kowace kunya ta zama kamar 'yar'uwarta, na ɗauki lokaci kafin in gane inda ya durƙusa. Can na ga jini. Ba jinin ƙirji ba ne mai kumfa, ba na ciki ba ne mai duhu. Jini ne kaɗan haɗe da yawu mai yauƙi, da gutsuren haƙori, da ɗan ƙashi fari. Harsashin ya sauka ƙasa da inda aka nufa da kamar faɗin tafin hannu, ya fasa masa muƙamuƙi. Dabbar da aka yi wa haka ƙafafunta lafiya lau, tana gudu, tana sara, ci da sha ne kawai ba ta iyawa.

Na bi sawu har la'asar, ya shiga wurin duwatsu na rasa shi. Na koma ofis da gutsuren haƙorin a hannu. Injiniya ya riga ya ci abinci, ana sa masa kaya a mota. Na nuna masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gyadon nan bai mutu ba, kuma ba zai mutu yau ba. A al'adarmu wanda ya harba da wanda ya kai shi tare suke bi. Ka kwana mu fita da asuba, da bindigarka ko a kusa ne ka ƙarasa shi."

Ya karɓi haƙorin ya jujjuya, ya sa a aljihu. Ya ce, "Baba, gobe ina da taro ƙarfe tara. Alade ne fa, ba mutum ba. Kwana biyu zai mutu da kansa. In kun same shi a ajiye mini haure."

Motar ta tafi. Na tsaya ina kallon ƙurarta.

Laraba da sassafe na je wurin Manaja neman takardar izini. A ranar masu duba iri za su zo daga birni, waɗanda ke tabbatar da ingancin abin da muka noma. Shugaban masu gadi ya riga ya rubuta ni a babbar ƙofa, wai ni ne dattijo, na iya gaisuwa.

Na ce, "Yallaɓai, akwai dabba mai rauni a kwazazzabo. Ta nan matan ruga ke bi su kai nono cikin gari. A sa wani a ƙofa, a ba ni yau kawai."

Ya ce, "Injiniya ya ce zai mutu."

"Injiniya daga kan dutse ya gani, yallaɓai. Ni na taka wurin."

Bai ɗago daga takardunsa ba. Ya ce, "Idi, gona ce ta ɗauke ka aiki, ba Sarkin Baka ba. In baƙi sun tafi mu yi magana."

Ina da iyali, na tsaya a ƙofa. Yini guda ina ɗaga ƙarfe ina saukewa, ina sara wa motoci, bakana a jingine da bango. Wani makiyayi ya wuce ta burtali na roƙe shi ya gaya wa mutanen ruga kada kowa ya bi ta kwazazzabo. Ya kai saƙon rugarsu, Allah ya saka masa. Amma akwai wata 'yar ruga mai bukka huɗu a ƙetaren rafi, saƙo bai kai can ba. Baƙi ba su tafi ba sai da aka kira magariba.

Alhamis da safe, ina ɗaure kwari zan fita ko da takarda ko babu, sai ga leburori biyu a guje. Suka ce gyado ya sari Inna Dije, ta 'yar rugar nan ta ƙetaren rafi. Kun san ta, tsohuwar da a da take kawo mana fura da nono bakin masussuka, wadda ke kiran kowa "ɗan nan". Ta sauko rafi da ƙwarya a ka, gyadon yana kwance a cikin geza a bakin ruwa, ƙishirwa ta kawo shi ga ruwan da ba ya iya sha. Ta kusa taka shi. Ya zabura ya bi ta tsakanin ƙafafunta, haurensa ya tsaga mata sharaɓa tun daga idon sawu har kusa da gwiwa.

Da muka isa tana zaune a cikin yashi ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, nono ya malale ya haɗu da jini. Ba ta kuka. Ta ce mini, "Ɗan nan, wane irin gyado ne wanga? Shekara arba'in ina haɗuwa da su, su ke gudu na. Wanga ko bakinsa na reto kamar tsumma."

Mista Sande, bakaniken taraktarmu, mutumin kudu ne amma ya daɗe a Kankia, shi ya kawo babur. Muka ɗora ta, wata mata ta riƙe ta a baya, suka nufi asibiti. Manaja ya iso a mota yana ta salati. A nan bakin rafi ya ciro biro ya rubuta mini takardar izini a kan murfin mota, ya miƙo mini ya ce, "Maza, Idi, maza."

Na karɓa na ce, "Yallaɓai, wannan takardar ta jiya ce."

Ya juya ya shiga mota.

Sawun a bayyane yake yanzu, don yana jan ƙafa kuma yawu na zuba. Na bi shi ta cikin rafi, ya hau gaɓa, ya ratsa gonar geron wani mutumin Dudunni da aka riga aka girbe, ya koma cikin sabara. Sau biyu na ga inda ya tsaya ya tura hanci a ƙasa zai yi tono ya kasa, ya bar jini a wurin. Na yi taimama na yi azahar a gindin wata ƙirya. Bayan nan ƙudaje suka nuna mini shi kafin idona ya gan shi. Akwai wani tsohon rami a gindin suri, irin wanda dabgi ke haƙawa, kore-koren ƙudaje suna shiga suna fita.

Gyado da baya yake shiga rami, kansa na kallon waje, don in ya fito ya fito da haure. Ba a tsaya masa a gaba. Na cire takalmi, na kaɗa toka, na zagaya ta inda iska ba za ta kai masa warina ba. Taki talatin na ƙarshe sun ci mini kusan rabin awa. Na hau kan surin ta baya, na tsaya a saman bakin ramin. Ina jin numfashinsa a ƙarƙashin ƙafata, yana fita da wani gurnani kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Warin ruɓa ya cika wurin. Na zaɓi kibiya mai sabon dafi, na ɗora, na ja tsirkiya har kunne, na yi bisimilla, na buga dunduniya a ƙasa sau uku.

Ya fito kamar an harbo shi. A taki huɗu na sa masa kibiya a bayan kafaɗa. Ya yi gudu bai fi taki hamsin ba ya durƙusa, ya kwanta. Na jira har ya daina motsi sannan na matsa.

Na sha kashe dabbobi, ban taɓa tsayawa a kan gawa ina jin kunya ba sai ranar. Muƙamuƙin ƙasa ya rabu biyu yana rataye da fata. Harshen ya kumbura ya yi baƙi, tsutsa ta riga ta shiga. Cikinsa ya manne da baya. Kwana biyu da yini wannan halitta tana yawo a haka, tana ganin ruwa tana ganin gyaɗa. Ɓarawon gona ne, na sani, ni ma kashe shi zan yi. Amma da an bar ni da shi, da ranar nan da hantsi zai mutu a gindin kalgo da gyaɗa a bakinsa, bai san abin da ya same shi ba, Inna Dije kuma tana can tana auna nono.

Mista Sande ya dawo daga asibiti ya same ni a wurin. Ya ce an yi mata ɗinki mai yawa, an ce jijiya ta taɓu. Da ma in na kashe gyado shi da mutanensa nake ba naman, tunda mu ba ma ci. Ya leƙa ya toshe hanci ya ce, "Malam Idi, wannan ko kare ba zan ba. Wanda ya yi wannan, Allah ya gan shi." Muka haƙa rami muka binne. Kafin mu rufe, wayar Sande ta yi ƙara, Manaja ne. Wai Injiniya ya bugo yana murna, a tabbatar an cire masa haure, kuma a auna tsawonsu. Sande ya dube ni. Na ce ya tambayi Manaja umarni ne ko roƙo. Aka ce umarni ne. Na cire.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zauna a ƙofar gidan Sarkin Baka. Maharba sun fi ashirin, ga Arɗo shugaban rugagen nan da 'ya'yan Inna Dije maza biyu. Na ajiye bakana a kan tabarma a tsakiya kamar yadda ake yi. An aika wa Manaja, ya ce yana da aiki. Injiniya kuwa ba wanda ya san ma ta inda za a aika masa.

Wani abokina, Mamman Dogo, ya miƙe tun ba a ba shi dama ba. Ya ce, "Baba, wanga ba adalci ba ne! Idi bai taɓa kunama ba. Ya roƙi baƙo ya ƙiya, ya roƙi Manaja ya ƙiya, shi ya bi dabba shi ɗai ya kashe ta a taki huɗu. Mai bindiga na can Kaduna yana shan sanyi, mu mu taru mu kunyata namu?"

Jama'a suka ɗauki hayaniya, har ɗaya daga cikin 'ya'yan Inna ya ce su ba da Idi suke ba. Baba Tanimu ya bari suka gama. Sannan ya dube ni.

"Idi, wa ya nuna mashi dabbar?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ce ya harba?"

"Ni ne."

"Daga taki nawa?"

Na ce, "Ban taka ba, Baba. Na'ura ta auna."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Shi baƙo ba ni na ɗaura mashi tsirkiya ba, ba ni da abin da zan kwance mashi. Kai na ɗaura mawa."

Ya jawo bakan ya taka ƙasansa, ya tanƙwara shi da gwiwa. Tsufa ya kama shi, ya yi sau biyu bai iya ba. Ni na tashi na danne masa bakan ya zare tsirkiyar. Ya naɗe ta ya miƙa wa Arɗo, don a al'adarmu gidan wanda aka zubar wa jini ke riƙe ta har shekara ta zagayo. Na ɗauki sandar da ta rage na bi ta tsakiyar mutane na tafi gida. Ba wanda ya yi mini magana, kuma na gode musu.

Shekarar nan a gona na yi ta da gwangwani da majajjawa, ina korar birai kamar ɗan talla. Birai sun gane ba ni da komai, sukan zauna a kan kunya suna kallona suna ɓare gyaɗa. A ofishin Manaja kuwa aka rataye hoton Injiniya a kan dutse da bindigarsa, an rubuta lambar nisan a ƙasa. Akwai littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a gona. A lokacin ban iya karatu ba. Bara da na iya, na roƙi shugaban masu gadi ya buɗe mini shafin, na bi da yatsa. An rubuta cewa wani baƙo mai daraja ya taimaka wa gona ya kawar da gyadon da ke ɓarna. Layi biyu ne. Babu sunana, wannan bai dame ni ba. Babu Inna Dije.

Da aka sallamo ta na je gaishe ta a ruga. Tana zaune a ƙofar bukka ta miƙe ƙafa a kan turmi, tsirkiyata na rataye a jikin ƙofar tare da maburgi. Ta ce in ɗauki abina, ita ba ta riƙe ni da komai ba. Na ce sai shekara ta cika, Inna. Ta sa aka dama mini fura. Ina sha ta ce, "Ɗan nan, shi mai bindigar, an gaya mashi abin da ya same ni?"

Na ce an gaya masa.

"Mi ya ce?"

Abin da ya ce shi ne a auna haure. Na sunkuyar da kai a cikin ƙwarya. Ta gane, ba ta sake tambaya ba. Tun daga lokacin ba ta ƙara kai nono cikin gari da ƙafarta ba, surukarta ke kaiwa.

To ga abin da na koya, ku riƙe. Ba na ce bindiga mugun abu ce ba, kuma ban ce harbin nesa ba gwaninta ba ne, na leƙa na ji daɗin da suke ji. Amma mai harbin nesa yana ɗaukar daɗin ya shiga mota, abin da ya rage a daji na wanda ke zaune kusa ne, kuma mu ne na kusa, mu da matan ruga. Manya za su ci gaba da kawo abokansu, za a ci gaba da cewa ku kai su, ba za ku iya ƙi ba. Abin da ke hannunku kalma ɗaya ce, kada ku sayar da ita don an yabi idonku. Kafin ku ce wa baƙo ya harba, ku tambaye shi a gaban Manaja ko zai kwana ya bi jini in dabba ta tashi. In ya ce yana da taro gobe, ku ɗauke masa tabarma ku raka shi kan dutse, ku zauna tare da shi har rana ta faɗi, yatsanku a aljihu.